Bit ɗin 0.5 yana cinyewa da wuri a kan sitenles, kuma aikin sai kaushi da gashi, ina matsalar take?

Sani_CNC ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyayenmu da ogoginmu a sana'a. Dan Allah ina neman shawara, abin ya kai ni maƙura.

Ina da ƙaramin injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, a shagona a Kano, sifindul ɗinsa (motar da ke juya wuƙar) irin mai sanyaya da ruwa ne, yana kai juyi 24,000 a minti, kolet ɗinsa (bakin da ke damƙe wuƙar) ER11. Yawancin aikina hatimin tagulla ne na masu jaka da takalmi, wanda suke bugawa a jikin fata, sai ɗan alminiyam jefi-jefi, kuma alhamdulillah ban taɓa samun matsala da su ba, bit ɗaya, wato 'yar wuƙar yankan, sai ya yi min sati yana aiki. To wancan watan wani ɗalibi ya kawo min farantin sitenles 316L, kauri 3mm, yana so in yanka masa ƙananan magudanai guda 30, kowanne tsawon 25mm, faɗi 0.5mm, zurfi 0.4mm, wai gwajin gudun ruwa da zafi zai yi da shi. Ya ce lallai ƙasan magudanar ya yi santsi kuma kada bakin ya yi gashi saboda zai ɗora gilas a kai ya rufe.

Na yo odar bit na kabaid 0.5mm mai haƙori biyu guda goma, masu shafen kariya mai ruwan ƙasa-ƙasa ɗin nan, tsawon wurin yankan 4mm. Na fara da fid, wato gudun tafiyar bit a kan aiki, 100mm a minti, ina nutsawa 0.1mm kowane zagaye. Na farko ya karye a magudana ta uku. Na biyu a ta biyar. Sai na ce to sauri ne ya yi yawa, na rage fid zuwa 60, daga baya har 30. Wallahi abin da ya ɗaure min kai kenan, da na rage ɗin ya daina saurin karyewa amma aikin ya fi muni, bakin magudanar duk gashin ƙarfe ya tashi kamar gemu, musamman ɓangaren dama, ƙasan kuma sai dishi-dishi da zane-zane, ba ya ƙyalli. Da na duba bit ɗin da gilashin masu gyaran agogo sai na ga kusurwarsa ta sude ta zama kamar kan ashana, kuma haƙori ɗaya ya fi ɗaya cinyewa sosai. Magudanar farko na auna ta fi 0.5 faɗi, ta goma kuma filla geji (siririn ƙarfen auna tsaga) na 0.5 ma ba ya shiga.

Yanzu saura bit huɗu a hannuna, farantin gwaji biyu sun lalace, yaron kuma lokaci na ƙure masa. Bit ɗin ne jabu? Ko injina ne bai kai ba? Ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? Allah ya saka da alheri.

Baban_Tana ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Sani ɗana, sannu da fama. Ni shekara talatin da ɗoriya ina kan lez, injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, da babban injin milin, irin wannan ƙaramin abu kamar allura ban yi shi da yawa ba, amma sitenles na san halinsa sarai.

Sitenles ba a yi masa shafa. In za ka yanka ka yanka, in ba za ka yanka ba ka ɗaga wuƙarka. Duk inda wuƙa ta goga shi ba ta cire komai ba to wurin ya taurare, zagaye na gaba sai wuƙar ta tarar da abin da ya fi na ɗazu tauri, haka za a yi ta yi har ta dakushe. Ko diril ne ka riƙe shi sako-sako a kan sitenles za ka ji ya fara kuka, ya yi shuɗi, shi kenan ramin ba zai ƙara huduwa ba sai da wahala. Tagullar da ka saba da ita akwai dalma a cikinta, ita ke sa ɓarɓashin ya dinga karyewa kamar tsaki, shi ya sa take lallaɓa ka. Wannan kuwa danƙo gare shi, yana manne wa bakin wuƙa, in ya ɓamɓare sai ya tafi da ɗan guntun bakin.

Sannan ba ka faɗa mana me kake zuba masa ba. In a bushe kake yi ka daina. Ka sa mai, ka wadata shi.

Abu na biyu, wannan da ka ce haƙori ɗaya ya fi cinyewa, bit ɗinka layi yake yi, ba ya juyawa a tsakiya. Ka kwance kolet ɗin ka wanke shi da fetur, ka goge cikin sifindul da tsumma mai tsabta, ƙurar hunturun nan ta Kano kaɗai ta isa ta karkatar maka da shi. Ka sa dayal geji, agogon awon nan mai allura, a jikin sandar bit ɗin ka juya da hannu ka faɗa mana nawa allura ta motsa.

Injiniya_Bashir ya rubuta:

Malam Sani barka da ƙoƙari. Baba ya riga ya taɓo jijiyar, ni dai bari in sa lissafi a kai, domin a kan irin wannan yankan nake bincikena yanzu a nan Maleshiya, kuma abin da ya same ka shi ke samun kusan duk wanda ya sauko daga babban bit zuwa ƙasa da 1mm.

Mu fara da abin da kowane haƙori yake ci. Ka raba fid da adadin juyi sau adadin haƙora. 100 a raba da 48,000 ya ba ka kusan maikron 2 ga kowane haƙori. Da ka koma 30 kuwa sai ya zama maikron 0.6. Maikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, gashin kan mutum kaurinsa wajen maikron 70 ne, don ka ga girman abin da muke magana.

To ga inda gizo ke saƙar. Mu a ido muna ganin bakin bit kamar reza, amma in ka sa shi a maikroskof za ka ga bakin a dunƙule yake, yana da ɗan lanƙwasa, a sabon bit mai kyau wajen maikron 1 zuwa 3, in an yi masa shafe kuma ya ƙaru tunda shafen ma yana da nasa kauri, masu araha sukan kai 4 ko 5. A bit ɗin 10mm da yake cin maikron 50 ko 100 kowane haƙori wannan lanƙwasar ba ta dami kowa ba. Amma kai kana ba shi 0.6 alhali bakinsa ya kai 3 ko 4, kamar mutum ne yake son fere dankali da bayan cokali. Ba zai fere ba, dannawa zai yi. Akwai iyakar kauri da in ba a kai ta ba ɓarɓashi ba ya fita sam, gwaje-gwaje da yawa sun nuna tana tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na lanƙwasar bakin, ya danganta da ƙarfen. Ƙasa da haka haƙorin sai ya bi ta kan ƙarfen ya danne shi, wani ya lotsa ya dawo, wani ya ture shi gefe kamar yadda garma ke ture ƙasa ta yi kunya. Wannan turin shi ne gashin da kake gani a baki. Sai ya yi juyi biyu ko uku yana guga kafin abin ya taru ya kai ya ɓalle guntu ɗaya, shi ya sa ƙasan ya fito da zane mara tsari. Kuma duk gugar nan zafi ce, ga shi 316L ba ya kwashe zafi, ƙarfin tafiyar da zafinsa wajen 16 ne a ma'aunin da tagulla take sama da 100, to zafin sai ya tsaya a ɗan tsinin nan. Kabaid kuwa ƙwayoyin tungsten ne aka haɗe da kobalt, in kobalt ɗin ya yi laushi ƙwayoyin sai su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, bakin ya ƙara dunƙulewa, iyakar da na faɗa ta ƙara hawa, gugar ta ƙaru. Abin yana ciyar da kansa ne. Kai ka rage fid don ka tausaya wa bit, ashe nan ne ka jefa shi cikin wannan zagayen.

Karyewar farko kuwa ba fid ne ya jawo ta ba, abu biyu ne. Na ɗaya nutso 0.1mm a cikakken faɗi a kan sitenles ya yi wa 0.5 yawa. Na biyu tsawon 4mm ɗin nan. Lanƙwasuwar bit tana hawa ne da tsawo sau kansa sau uku, wato in ka ninka tsawo biyu zai lanƙwasa sau 8, in ka ninka huɗu sau 64. Kai zurfin 0.4 kawai kake nema, me za ka yi da 4mm? Mai tsawon 1mm ko 0.75 ya ishe ka, kuma bambancin ƙarfinsu ba kaɗan ba ne. Kauri kuma ya fi haka tsanani, in ka raba kauri biyu ƙarfin tsayuwarsa ya ragu sau 16, shi ya sa abin da ka saba yi da bit ɗin 1mm ba zai yiwu da 0.5 ba.

Maganar layi da Baba ya yi, ka ɗauke ta da muhimmanci fiye da komai. In bit yana layin maikron 10 kai kuma kana ba kowane haƙori 2, to haƙori ɗaya ne ke yin duk aikin, ɗayan iska yake yanka ko ya ɗan shafa ya wuce. Shi ya sa magudanar farko ta fi 0.5, da wancan haƙorin ya cinye kuma sai ta tsuke.

Gashin da ya fi yawa a dama ma ba tsautsayi ba ne. In sifindul na juyawa irin na agogo, haƙori yana shiga ta hagu da siririn yanka, ya yi kauri a tsakiya, ya fita ta dama yana sirancewa har ya koma sifili, to abin da ya kasa yankewa a ƙarshen nan sai ya ture shi sama a bangon dama. Kusan kullum haka muke gani a magudana.

Shawarata ka bar juyi a 24,000, wannan ya ba ka gudun yanka kusan mita 38 a minti, bai yi yawa ba ga 316L. Ka kai fid 140 zuwa 150, wato maikron 3 ga haƙori. Ka rage nutso zuwa 0.025. Zagaye 16 kenan, mita 12 gaba ɗaya, wajen minti 85. Ka lissafa za ka ga ya ma fi wanda kake yi a fid 30 sauri, tunda shi minti 100 yake ci. Kada ka soka bit ɗin tsaye, ka sa ya gangara a hankali, digiri 1 ko 2, ko ya shigo daga wajen farantin.

Sani_CNC ya rubuta:

Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Gaskiya iskar kwamfireso kawai nake hura masa, sai in ɗan ɗiga baƙin mai lokaci-lokaci. Na ari dayal geji wajen maƙwabcina mai gyaran injekta, irin mai karanta 0.001, na sa a sandar bit ɗin kusa da kolet, allura ta yi tafiyar 0.016. Na kwance na wanke kamar yadda kuka ce ta dawo 0.011. Kolet ɗin tun wanda ya zo da injin ne, shekara uku kenan.

Injiniya wallahi ka buɗe min ido, ban taɓa raba lissafin nan ba, ni dai in na ji tsoro sai in rage fid. Amma fa hannuna na rawa, a 100 ya karye yanzu kuma in kai 150? Sannan tambaya, in na sayo mai shafen daimon ba zai fi daɗewa ba? Na ga ana tallarsa wai ya fi kowanne tauri.

DanBorno_Bursa ya rubuta:

Oga Sani kar ka sayi daimon, asarar kuɗi za ka yi. Daimon kabon ne zalla, ƙarfe kuma yana shan kabon in ya yi zafi, sai shafen ya narke a hankali ya bi ɓarɓashi. Daimon na girafayit ne da alminiyam da jan ƙarfe da su faiba. Shafen da ya dace da sitenles shi ne wanda ake kira AlTiN ko TiAlN, siriri. Akasin haka kuma kar ka kai AlTiN kan alminiyam ɗinka, manne masa yake yi, can mara shafe mai goge ko mai shafen kabon da ake kira DLC ya fi. In ƙarfe mai tauri ne sosai wanda aka riga aka gasa, sama da 55 a ma'aunin taurin ƙarfe na HRC, nan ne muke ɗauko bit na CBN, wanda ke bin daimon a tauri.

Ni a kamfanin yin mol, wato mazubin da ake zuba kaya su fito da siffa, nake aiki nan Bursa ta Turkiyya, shekara shida, kullum muna cikin 0.3 da 0.4 da 0.6. Na yarda da Injiniya a lissafi amma akwai abubuwan da takarda ba ta nunawa, bari in ƙara.

0.011 har yanzu ya yi yawa. Mu a nan ba ma yarda ya wuce 0.003, kuma riƙon da muke amfani da shi irin wanda ake gasawa ne ya buɗe a sa bit ya huce ya damƙe, kai ba ka da wannan, to ka nemi kolet mai daraja wanda aka rubuta 0.005 a jikinsa da sabon noti, kuma ya zama daidai girman sandar, in sandar 4mm ce kolet 4mm, ba mai 3 zuwa 4 ba. Wata dabara, ka sassauta ka ɗan juya bit ɗin cikin kolet kwata, ka ɗaure ka auna, ka sake, sau huɗu ko biyar, za ka samu wurin da layin kolet da na sifindul suke kashe juna. Kar ka ɗaure da ƙarfin tsiya, yana murɗa kolet. In ka auna cikin bakin sifindul ɗin kansa ka ga ya wuce 0.005 to boris ne suka gaji, wannan kuma wata magana ce.

Na biyu, wanda ya fi karya wa mutane bit kuma ba sa ganewa, farantin a kwance yake daidai? In za ka dinga cin 0.025 alhali wani gefen farantin ya fi wani tudu da 0.05, to zagayen farko a can 0.075 zai ci, ninki uku. Ka fara share fuskar da babban bit a kan injin, kar ka kwance shi, sannan ka yi magudanan. Saitin sifilin Z, wato inda bit ke fara taɓa fuskar aiki, da takarda ma ka manta da shi, takardar kanta kusan 0.1 ce. Kuma ka bar sifindul ya yi gudu haka nan minti 15 zuwa 20 kafin ka saita, domin in ya ɗumama yana miƙewa, ƙarfe mai tsawon 100mm in ya ƙara digiri 10 yana ƙara wajen maikron 12, rabin abin da kake ci kenan. Bokitin ruwan sanyaya shi ma ka kula kar ya yi zafi da rana.

Inda na saba da Baba, da girmamawa, shi ne maganar wadata shi da mai. A lez gaskiya ne. Amma a rami mai faɗin 0.5 mai mai kauri yana riƙe ɓarɓashin ne ya zama kamar kunu, bit ya dawo ya sake niƙa shi, kuma ɓarɓashin sitenles ya riga ya taurare, shi ke zana ƙasan aikin ya kuma ɓantare baki. Iska mai ɗauke da ɗan feshin mai mara kauri ta fi, ka saita bakin bututun ya bi tsawon magudanar yana koro dusar waje. Baƙin man mota kam a'a.

Don gashi da santsin bango, da ni ne zan buɗe da 0.4 in bar 0.05 kowane gefe, sannan in ɗauko sabon bit in bi bangon biyu. Bit ɗin gamawa daban, ba ya taɓa aikin buɗewa. Ka kuma ƙara zurfin da 0.01, in ka gama ka ɗora takardar yashi 1500 ko 2000 a kan gilas da ruwa ka ɗan murza fuskar, gashin zai tafi fuskar kuma ta kwanta yadda gilashin yaron zai zauna.

Amma tsakani da Allah ka tambayi yaron ko dole ne sai 316L. In ruwa ne kawai zai bi ciki, sitenles 303 akwai sulfa a cikinsa, ya fi sauƙin yanka nesa ba kusa ba, sai dai bai kai 316L jure tsatsa ba. In da a nan ne ma wataƙila da EDM, injin da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, za a ƙone shi, ba gashi ko ɗaya.

Maman_Hanif ta rubuta:

Sannunku da aiki. Ni ba injiniya ba ce, a ɗakin haɗa haƙoran roba nake, amma injinmu ma da irin waɗannan ƙananan yake aiki, 2mm da 1mm da 0.6, muna yanka zakoniya da kobalt-kurom wani lokaci da taitaniyam. Abin da zan ƙara kawai, mu ba ma jira bit ya karye ko ya nuna a ido. Manhajar injin tana ƙirga mintocin da kowanne ya yi, in ya cika sai a cire ko da yana kama da sabo, domin tun kafin ido ya gani bakin hular haƙorin ya fara ɓantarewa ko ta ƙi zama a kan mazauninta, kuma bakin mutum za ta shiga, ba wurin a ce a yi haƙuri.

Malam Sani ka samu littafi ka dinga rubuta mita nawa kowane bit ya yi kafin gashi ya fara, bayan uku ko huɗu za ka san iyakarsu, sai ka dinga canzawa kafin a kai wurin. Kuma ka sayi ɗan maikroskof ɗin nan na USB da masu gyaran waya ke amfani da shi, ba shi da tsada, ka ɗauki hoton bakin yana sabo ka dinga kwatantawa.

Injiniya_Bashir ya rubuta:

Hajiya ta kawo magana mai kyau. Ƙa'idar ISO 8688 da ake koyarwa a makaranta ta ce bit ya mutu in cinyewar bayan haƙorinsa ta kai 0.3mm. To bit ɗin da gaba ɗayansa 0.5 ne, kafin ya kai nan ai babu shi. Shi ya sa a ƙananan nan da raguwar kaurin bit ake aunawa, ko faɗin magudana, ko tsayin gashi. Malam Sani ka ajiye guntun tagulla a gefen tebur, bayan kowane magudana biyar ka sa ya yi ɗan yanka a kai ka auna a maikroskof, in faɗin ya ragu da maikron 10 zuwa 15 ka sauke shi.

Kuma kar santsin ƙasa ya ruɗe ka. Sau da yawa muna ganin Ra, wato ma'aunin kaushin fuska, yana ɗan sauka bayan mitocin farko, saboda kusurwar ta ɗan sude tana shafe sawun da ta bari, sai mutum ya ɗauka komai lafiya, alhali gashin sama yana ƙaruwa kuma kusurwar ƙasan magudanar ta daina zama a tsaye. Daga nan sai ya juye ya lalace gaba ɗaya. Gashi ya fi saurin tona asirin bit.

Tsoron 150 kuwa, ka duba, ka rage nutso sau huɗu ka ƙara fid da rabi kawai, nauyin da ke kan bit ya ragu ne ba ƙaruwa ba. Wani abu kuma, in injinka na sitefa ne, wato motar da ke tafiya taku-taku, da sukuru mai tafiyar 5mm a juyi ɗaya mai taku 1,600, kowane taku wajen maikron 3 ne, a fid 30 taku 160 yake yi a daƙiƙa alhali sifindul na juyi 400, ka ga tafiyar ba za ta zama sumul ba. Ka mayar da direban motar taku 3,200.

Baban_Tana ya rubuta:

Ɗan Borno na karɓi gyara, rami kamar tsagar farce ban taɓa zuba masa mai na gani ba, kai ka gani. Amma dai kar ya bar shi a bushe ƙayau, a nan ba zan janye ba. Sani, in za ka cire bit daga kwalinsa ma ka bi a hankali, kar bakin ya taɓa komai, ko farcenka.

Sani_CNC ya rubuta:

Jama'a na dawo da bayani, ku yi haƙuri kwana goma sha biyu shiru, jiran kaya nake.

Na samu sabon kolet da noti, da dabarar juyawar nan ta Ɗan Borno na sauko da layi zuwa 0.004, a gwaji na huɗu. Cikin bakin sifindul 0.003 ya nuna, alhamdulillah boris lafiya. Na yo odar gajeru masu 1mm, AlTiN, 0.4 guda biyar, sun fi na farko tsada kusan ninki uku. Yaron ya ce malaminsa ya dage sai 316L saboda ruwan gishiri za su tura, to haka aka yi.

Na share fuskar farantin, ashe gefe ɗaya ya fi tudu da 0.06, wallahi da ban auna ba ba zan yarda ba. Na ɗumama sifindul minti 20, na haɗa ɗan feshin mai a bututun iska. Da yake 0.4 ne na sa fid 120, nutso 0.02. Bambancin farko da na gani shi ne dusar, da can baƙin gari ne kamar toka, yanzu a maikroskof sai ga ƙananan ɓarɓashi masu ƙyalli a nannaɗe kamar ƙaiƙayi. Bit ɗin farko ya buɗe magudana 17 kafin gwajin tagullar ya nuna ya ragu da 0.012, na sauke shi bai karye ba, na biyu ya ƙarasa sauran 13. Na sa sabo na bi bangon da ƙasa, na murza a takarda 2000. Haƙoran biyu kuma yanzu cinyewarsu kusan ɗaya. Yaron ya kai wajen aunawa a makarantarsu ya turo min cewa Ra na ƙasan ya fito 0.3 da ɗan wani abu, gilashi ya zauna ba yoyo.

Abu ɗaya ya rage da ban gane ba. A ƙarshen kowace magudana, daidai inda bit ke tsayawa ya juyo, nan har yanzu akwai ɗan gashi da wani ɗan da'ira mai dishi a ƙasa, tsakiya kuwa tas. Zai kawo faranti na biyu mako mai zuwa, ina so in gyara wannan.

DanBorno_Bursa ya rubuta:

Masha Allah, barka Oga. Wannan da'irar ciwon farko ne ya ɓuya a lungu. Injin ba ya tsayawa farat ɗaya, yana rage gudu ne kafin ƙarshe sannan ya sake ɗauka, sifindul kuma yana nan a 24,000, to a ɗan wurin nan abin da haƙori ke ci ya faɗi ƙasa da iyakar da Injiniya ya faɗa, ya koma guga. In zanen ya yarda ka zarce da magudanar har cikin ramin shigar ruwa da na fita, wato ka fara huda waɗannan ramukan, sai juyowar ta faru a iska. In bai yarda ba ka sa bit ya fara hawa sama a gangare tun kafin ya tsaya, kuma ka duba ko akwai G04 ko G61, umarnin da ke sa injin ya tsaya, a cikin kod ɗin ka cire, ka sa G64 mai sa shi ya wuce ba tsayawa. Ka turo hoton kod ɗin wajen layi ashirin na farko in duba maka.